Gyaɗar Gudu da Makullin Mota

Akwai maganar da nake ji tana yawo a tsakaninku duk sanda aka taru, ko suna ko Sallah, kuna faɗa kuna dariya, wai babanku ya hana Yayanku mota saboda ƙwayar gyaɗa biyu. Har jikoki sun ɗauka. Ran nan na ji 'yar Rakiya tana gaya wa ƙawarta cewa kakanta ya kori ɗansa a kan gyaɗa. Ban tanka ba, don ba na son gyara magana a gaban baƙi, amma abin ya tsaya min a rai. Yawancinku kuna ƙanana a shekarar, abin da kuka riƙe kawai shi ne hayaniya da kuma safiyar da Yayanku ya fita da jaka a kafaɗa. Ni kuwa ina wajen daga farko har ƙarshe, da ni aka yi wasan ma. Zan faɗa muku yadda aka yi, wanda kuma ya sake cewa saboda gyaɗa ne bayan ya karanta wannan, to da gangan yake yi. Sunan Yayanku ba zai fito daga bakina ba ko a takarda. Ɗan fari ne, kun san wanda nake nufi.

Malam, babanku, direban bas ne tun kafin a kawo ni gidansa daga Kademi. Ajingi zuwa Gaya, Gaya zuwa Kano, ya juyo, a kan wannan hanyar ya ciyar da mu. Mutum ne marar yawan magana, kuma yana da wata ɗabi'a da duk tasha ta san shi da ita: ba ya barci a motar da wani ke ja. Komai nisan tafiya idonsa biyu, ƙafarsa ta dama tana taka burkin da babu shi a ƙarƙashin kujera. Na sha zama kusa da shi in za mu gaisuwar mutuwa ko biki, in ji ƙafar tana ƙamewa duk sanda aka doshi kwana. Nakan ce masa ya bar bawan Allah ya yi tuƙinsa, shi ma ai yana son ransa. Sai ya ce min yana son ransa, gaskiya ne, amma bai fara cire ƙafa daga totur ba tukuna.

Idon Malam ya fara tafiya a hankali, daga gefe, bai gaya wa kowa ba sai da ya daina ganin masu keke a bakin titi. Da aka kai shi asibiti a Kano suka ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Da kansa ya shigar da bas ɗin filin bayan gidanmu, ya kashe ta, ya zare makulli ya ɗaure a jikin carbinsa. Daga nan ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna. In aka gaishe shi ya amsa, in aka kawo abinci ya ci, shi ke nan. Mutumin da ya saba wuni cikin hayaniyar tasha ya koma kamar an ajiye turmi a lungu. Na ji tsoro ƙwarai a watannin nan, fiye da yadda na nuna muku.

Yayanku shi ne yaron motarsa tun da ya gama sakandare. Yana lodi, yana kiran fasinja, kuma ya iya tuƙi, wannan babu musu. Hannunsa a sitiyari abin kallo ne, yana iya shigar da bas inda kurar mai tura ruwa za ta yi shakka. Kowa ya ɗauka makulli nasa ne, lokaci kawai ake jira. Baffanku ya zo daga Balan ya zauna da Malam, ya ce a bari damina ta ɗauke, in kaka ta yi kasuwanni suka cika sai a miƙa wa yaro mota gida ya farfaɗo. Malam ya ce Allah ya kai mu. Mu duka muka ɗauki wannan a matsayin amincewa. Yayanku ya dinga wanke motar da ba ta zuwa ko'ina, ni kuma na fara lissafin abin da zan gyara a gidan in ta hau hanya.

Ana cikin haka Rakiya ta dawo hutu daga makarantarta ta Kano, ta tarar da babanta a wannan hali. Ita ce ta kawo wasan. Ta ce ɗalibai ke yi a ɗakin kwana: mutum ɗaya ya zama mai labari, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a cikin labarin, ko maharbi ko ɗan kasuwa ko mai magani, sai mai labari ya faɗi abin da ke gabansu, kowa ya faɗi abin da zai yi. Ta jawo tsohon ƙyauren ɗakin girki ta ɗora a kan bulo a tsakiyar zaure, ta zana hanya da alli ta raba ta gida-gida, ta tattaro muku murafan kwalabe, kowa da nasa. Sai kuma ta fito da ɗan ludo, ɗan abin nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa. Nan na tsaya a kanta.

"Rakiya, caca za ki kawo min gida?"

"Inna, ba a sa komai. Labari ne kawai."

"Haka ake farawa."

Daga kan buzu Malam ya ce, "Ƙyale su, Asabe. In na ji an ambaci kwabo ni zan kora su."

Rabona da in ji ya haɗa jimla biyu a jere har na manta. Saboda wannan kaɗai na ƙyale.

Labarin Rakiya na matafiya ne da za su tsallake daji su kai wa wata tsohuwa magani. Kowa ya jefa ɗan ludo, abin da ya fito shi ne yawan gidajen da murfinsa zai tafi. Kullum bayan la'asar kuke yi, kuna ihu, Malam yana jan carbi kamar ba ya ji. Ran nan matafiyan suka sami mota a cikin labarin, Yayanku ya ce shi ne direba. Ya jefa ya sami shida, ya tafi gida shida. Zagaye na biyu ya sami ɗaya, ya tafi gida ɗaya. Na uku ya sake samun shida. Sai muka ji carbi ya tsaya.

"Wace irin mota ce wannan?"

Rakiya ta ce, "Baba, haka dokar take."

"Dokar banza. Mota tana tsaye ta yi tsalle ta kai shida? Tana shida ta faɗo ɗaya, fasinja ba su fita ta gilashi ba? Ko jaki ba ya tafiya haka. Asabe, kawo min gyaɗa."

Na kawo soyayyar gyaɗa a kwano, ina zaton ci zai yi. Ya matso da buzunsa, ya lalubi gefen ƙyauren, ya sa aka ba kowa murfin gwangwani ya ajiye a gabansa. Ya ce wannan murfin shi ne gudun motarka, gyaɗar da ke ciki kuma ita ce yawan gidajen da za ka tafi, ko kana so ko ba ka so. Kowa zai fara da murfi wayam. In zagaye ya zo kanka, gyaɗa ɗaya tak za ka iya ƙarawa, ba biyu ba, komai saurin da kake yi. Wajen ragewa kuma sai an duba lodi. Motar da babu kaya za ta iya zubar da biyu a zagaye. Wadda ta cika da mutane da buhuna ɗaya kawai za ta zubar, haka ma in an yi ruwa hanya ta jiƙe. Ba a shiga kwana da fiye da uku, ba a shiga kasuwa da fiye da ɗaya. Wanda ya isa kan abu da sauran gyaɗa a murfinsa ya buge shi, babu roƙo. Ɗan ludo kuwa ya ce a bar shi, amma ba don tafiya ba, sai don abin da mutum ba shi da iko a kai, ko taya ta fashe ko shanu su tsallako. Ya ce wancan na ƙaddara ne, gyaɗa kuma ta mutum ce.

Tunda ba ya gani, ya ƙara doka ɗaya. Aka ajiye kwanon silba a tsakiya. Duk wanda zai ƙara gudu sai ya faɗa da baki, duk wanda zai rage sai ya jefa gyaɗarsa a kwanon ta yi ƙara. Da kunne yake riƙe gudun kowa, mutum biyar ko shida, bai taɓa ɓata ba.

Daga ranar matsayin mai labari ya koma hannunsa, Rakiya ta sauka ba tare da an roƙe ta ba. Tsohuwa da maganinta suka ɓace, daji ya zama hanyar Ajingi zuwa Gaya. Rakiya ta goge zanen ta sake wani yadda ya faɗa mata, da gangara da mararraba da bakin kasuwa. Ashe duk hanyar tana cikin kansa, har inda 'yan makaranta ke tsallakawa da inda mai amalanke ke fitowa daga gona ba ya duba baya. Ya riƙa kwaikwayon muryar fasinja, da ta mai shayi, da ta tsohon da ke cewa a tsaya ya manta akuyarsa. Maƙwabta suka fara leƙowa. Wani ya zama mai babur, wani mai motar itace, Rakiya ta zaɓi amalanken shanu da ba ya wuce gyaɗa biyu, kuma sau da yawa ita ke riga kowa isa. Ni ma aka jawo ni. Na ce ba na tuƙi, sai aka mai da ni fasinja, mai nono da ƙwarya a cinya, aikina in yi masifa in an girgiza ni. Ba sai an koya min wannan ba. Malam ya dawo yana dariya, yana cin abinci da marmari, har yana tambayar ko la'asar ta yi. Na gode wa Rakiya a raina, ko da yake ban faɗa mata ba sai yanzu.

Yayanku kullum bas yake ɗauka, kuma kullum cike da fasinja. Salon wasansa ɗaya ne. Daga tasha yake fara ƙarawa, zagaye bayan zagaye, sai murfinsa ya cika. Ba ya jefa komai a kwano sai Malam ya ce ga abu a gaba, sannan ya fara zubarwa ɗaya-ɗaya yana ihu, murfinsa yana ta tafiya, har ya haye kan abin. Ya buge tumaki, ya buge mai rake, ya kifar da ni da ƙwaryata ban san adadi ba. Duk sanda ya yi sai a fashe da dariya, shi ma ya yi, ya ce ai wasa ne, a kan titi burkinsa ba ya ƙarya. Malam sai ya ci gaba da labarinsa. Ni ban lura ba a lokacin, amma a nan ne kaɗai ba ya taya mu dariya.

Ranar da abin ya faru an fara cire gyaɗa a gonaki, kaka ta ƙarato. Baffanku ma yana nan, ya zo ne musamman a tsayar da ranar ba da makulli. Aka ce a yi wasa kafin magariba. Yayanku ya ɗauki bas, ni ina ciki, ya ƙara har ya kai shida, ya bar kowa a baya. Malam ya ce yau kasuwa tana ci, sannan ya sa aka jefa ɗan ludo, ya ce to ga shanu sun cika titi a bakin kasuwa, da yaron da ke kora su a tsakiya. Duk wanda ya dubi ƙyauren ya san gidajen da suka rage ba za su ishe shi tsayawa ba. Yayanku ya dube mu ya ɗora yatsa a leɓe yana murmushi. Ya jefa gyaɗa ɗaya a kwano ta yi ƙara. Sannan ya ɗauki biyu a hankali ya watsa a baki. Ƙananan cikinku suka toshe baki don kada dariya ta fito. Baffanku ya kau da kai. Ni ma na yi shiru, don a ganina wasan yara ne.

"Saura nawa?" in ji Malam.

"Uku, Baba."

"Shida ka cire ɗaya, saura uku?"

"Huɗu nake da su dama. Ka manta ne."

Da bai tauna ba, wataƙila da maganar ta tsaya a musu. Amma soyayyar gyaɗa ce, zauren kuma ya yi tsit. Muka ji ƙurus, Malam ma ya ji. Ya ɗaga fuskarsa wajen da sautin ya fito, ya daɗe a haka. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa Rakiya ta kwashe kayan, magariba ta yi. Bayan sallah ya gaya wa Baffanku cewa ba zai ba da makulli bana ba.

Wannan shi ne abin da kuka gani, shi ya sa kuke cewa gyaɗa. Abin da ba ku ji ba shi ne wanda aka yi washegari da hantsi, da na same shi a zaure na zauna na ce sai ya faɗa min dalili. Ban yi masa da sauƙi ba. Na ce gida yana jiran motar nan, yaro ya yi masa bauta shekaru, yanzu a kunyata shi a gaban Baffansa saboda murfin kwalba?

"Asabe, kin tuna tafiyar ƙarshe da muka yi Kano, da ya ja ni zuwa asibiti?"

"Na tuna. Lafiya kuka je, lafiya kuka dawo."

"Lafiya muka dawo. Amma ina zaune a gefensa, ba na gani, bayana ne ke gaya min komai. Yaron nan ba ya cire ƙafa sai ya ga abu. In ya gani, hannunsa da ƙafarsa suna da sauri, sai ya tsira, sai ya ɗauka gwaninta ce. Ranar babu kowa a motar sai ni da shi. Ki cika ta da mutane da buhunan gero ki ga ko za ta saurare shi."

"To me ya hana ka gaya masa?"

"Na gaya masa a hanya, ya ce to. Na sake gaya masa, ya ce to. Da na ji Rakiya da wasanta sai na ce bari in sa masa abin a hannu ya taɓa, ko zai shiga. Don shi na yi dokar nan, ba don mai amalanke ba. Duk damina ina jira ya jefa ko ɗaya a kwano kafin in ce ga abu. Bai taɓa ba. Jiya kuma da ya ga ba zai tsaya ba, bai ce Baba na makara ba. Ya duba ya ga wanda ke lissafi makaho ne."

Wannan ne karo na farko da na ji ya kira kansa da wannan kalmar.

Kuma bai kore shi ba, wannan ku riƙe da kyau. Cewa ya yi a ba wani direba motar na shekara guda, Yayanku ya zauna a gefensa, in ya ga canji ya ba shi makulli da hannunsa. Yayanku ya ce ba zai koma yaron mota a motar ubansa a ƙarƙashin bare ba, abokansa a tasha su yi masa dariya. Na roƙe shi, Rakiya ta yi kuka ta ce da ta sani ba ta kawo wasan ba. Ya haɗa jakarsa ya bi wata babbar motar hatsi da ke zuwa Kudu. Bai shiga zaure ya yi sallama ba, ta ƙofar baya ya fita.

Hukuncin Malam ya ci mu, ba zan ɓoye ba. Direban da aka ba motar ba mugu ba ne, amma ba tasa ba ce, bai tausaya mata ba. Kafin damina ta biyu ta wuce an turo ta bayan gidanmu an ɗora a kan bulo, kaji suka mai da ita ɗaki. Makulli ya koma jikin carbi. Na koma tuyar ƙuli-ƙuli da matsar mai kamar yadda na yi a gidanmu ina budurwa, gonar da na gada a Kademi ita ta riƙe bakinku. Ƙyauren aka jingina a bango, babu wanda ya sake taɓa shi, Malam ya koma shirunsa. Na yi fushi da shi na gaske, na daɗe ina kai masa abinci ba na zama. Yayanku yakan kira wayar Rakiya jefi-jefi ya gaishe ni, bai taɓa cewa a ba babansa ba. Duk sanda wayar ta yi ƙara sai in ga Malam ya daina jan carbi yana saurare, har a kashe. Wata rana na kasa haƙuri na tambaye shi ko ya yi nadama.

"Ina kewarsa," ya ce. "Nadama daban ce."

Na tashi na bar masa wajen, don ban so ya ji ina kuka ba.

Sai a kaka ta uku Yayanku ya dawo. Ya rame, ya yi baƙi, maganarsa ta ragu. Ya fara da aikin yaron mota a can ma, abin da ya ƙi yi a gida, har aka ba shi babbar mota yana ja. Me ya gani a waɗannan hanyoyin bai taɓa faɗa min ba, ni ma ban tambaya ba. Ya shiga zaure ya durƙusa ya gaida babansa. Malam ya amsa kamar jiya suka rabu, ya tambaye shi hanya, ya ce a ba shi ruwa. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira a yi maganar da ya kamata a yi, babu wanda ya fara. Aka yi la'asar. Sai Malam ya ce, "Rakiya tana nan? A ɗauko ƙyauren."

Allin ya goge, sai da ta sake zanawa. Na kawo gyaɗa da kwanon silba. Babu mai babur, babu amalanke, bas ɗaya ce a kan hanya. Malam ya ce an cika ta, har da mai nono. Na zauna, amma ban iya yin masifar ba. Ya fara labari: an yi yayyafi da safe, ga mata da ƙwarya a ka suna tafiya a gefen titi, ga wani yana jan rago. Yayanku ya ce na ƙara, na ƙara, har ya kai huɗu, ya tsaya a nan. Hanya a buɗe take a kan ƙyauren, babu komai a gabansa. Sai muka ji gyaɗa ta faɗa kwano. Zagaye ya dawo, wata ta sake faɗawa, na gaba ma haka.

"Ban ce akwai komai a gaba ba," in ji Malam.

"Ka ce an yi yayyafi, Baba. Ka ce mata da ƙwarya, da mai rago. Kasuwa ce ke ci."

"In kuma babu komai fa? Ka ɓata wa fasinja lokaci."

"Su yi haƙuri. Za su isa."

Malam bai ma nemi a jefa ɗan ludo ba. Ya ce shanu sun cika titi, da yaro a tsakiya. Yayanku yana da ɗaya a murfi. Ya jefa ta, ta yi ƙara, murfin kwalbarsa ya tsaya da sauran gida tsakaninsa da shanun. Malam ya miƙo hannu ya lalubi murfin gwangwanin, ya zagaya yatsa a ciki, ya ji wayam. Sannan ya jawo carbinsa ya fara kwance ƙullin. Ya daɗe yana fama da shi, babu wanda ya yi ƙarfin halin taya shi.

"Ungo, Direba."

Tun da aka haife shi, da "kai" yake kiransa. Yayanku ya karɓa da hannu biyu, ya ce Baba ai motar ta mutu. Malam ya ce ya sani, yana jin kaji suna ƙwai a ciki kullum. Ya turo masa kwanon silbar ya ce yanzu ya ci gyaɗarsa. Yayanku ya ɗauki ɗaya ya riƙe, bai iya kai ta baki ba.

Ya ɗauki rani guda yana gyaran motar nan, da abin da ya taro a Kudu da hannunsa. Ranar da ta tashi ya ce ba zai ɗauki fasinja ba sai ya fara kai babansa Gaya ya gaida tsofaffin abokansa na tasha. Aka sa Malam a gaba, ni ina bayansa, ta tsakanin kujeru ina hango ƙafarsa ta dama. Da muka fita daga Ajingi tana ƙame kamar yadda na san ta. Muka doshi kwana ta farko, na ji motar ta sassauta tun da nisa, a hankali, har ba ka sanin lokacin da aka fara. Ƙafar ta ɗaga za ta taka, ta tarar an riga ta, ta koma. A kwana ta biyu ba ta motsa ba. Ina kallon gonaki, da na juyo sai na ga kansa ya karkata ya jingina da gilashi, hularsa ta zame, bakinsa a ɗan buɗe. Gabana ya faɗi, na miƙa hannu zan taɓa shi, sai na ji minshari.

Yayanku ya dube ni ta madubi. Bai shiga tasha ba, don akwai hayaniya. Ya sami inuwar wata bishiyar darbejiya a bakin gari ya tsaya, bai kashe injin ba don kada shirun ya tashe shi. Muka zauna ni da shi, babu mai magana, har aka kira azahar, babanku yana ta barcinsa.